Furosesa ko Irin Citta

Tun da matasan Kafanchan suka kamu da wasan kwamfuta, tambayar da aka fi yi mini a shago ita ce: "Oga, in na canza furosesa, gem ɗina zai yi gudu?" Amsata ba ta yi musu daɗi. Nakan ce wataƙila, amma sai na gani. Wasu su ɗauka jan rai nake yi, wasu su ce ban san aikin ba. Wani saurayi ya taɓa nuna mini bidiyo a wayarsa, inda Bature ya kwance ƙusoshi, ya cire tsoho, ya ɗora sabo, ya yi murmushi. Ban musa masa ba, domin cirewa da sawa ba su da wuya sosai. Wahalar tana wajen sanin ko ya kamata a cire ɗin. Don irinsu nake wannan rubutu, ko da yake ban tabbata za su karanta har ƙarshe ba.

Fiziks na karanta a jami'a. Na gama bautar ƙasa, na dawo Kagoro na zauna jiran aiki, har mahaifiyata ta gaji da amsa tambayar matan zumuntar coci. Kawuna ne ya kai ni wurin Oga Monday, mai gyaran kwamfuta a wani lungu kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Aikina na farko kwamfutar wata makarantar mishan ce, wadda take mutuwa da kanta duk lokacin da rana ta ɗaga. Oga Monday ya sa na fara taɓa ƙarfen taga kafin in taɓa cikinta, don wutar jikina ta sauka. Sannan ya miƙo mini kiret ɗin ƙwai na kwali, ya ce kowace ƙusa da raminta, bisa yadda na cire su. Na ɗaga fanka, na tarar da man da ke tsakaninta da furosesa ya bushe ya zama kamar tsohon fenti. Na goge da auduga da sifirit, na ɗiga sabo daidai ƙwayar wake, na mayar. Kwamfutar ta daina mutuwa. Shugaban makarantar da ya zo da shirin sayen sabuwa ya koma da tsohuwarsa a bayan babur.

Har yau kayan aikina ba su wuce waɗannan da yawa ba: sukudireba mai maganaɗisu, mita ta auna wuta, buroshin fenti mai laushi, ƙaramar bulowa ta hure ƙura, gilashin ƙara girma, da kiret ɗin ƙwai, wanda nake canzawa in ya yi laushi. Wanda ya fi su duka amfani ba a riƙe shi a hannu. Taga ce da ake buɗewa a sikirin, wadda take nuna nauyin da kowane sashe yake ɗauke da shi yayin da wasa ke tafiya.

Ga abin da na fahimta, gwargwadon sanina. Abubuwa biyu ne suke raba aikin wasa. Furosesa shi ke lissafin inda ƙwallo za ta faɗa, da inda kowane ɗan wasa zai ruga. Katin hoto, wanda yara ke kira girafik, shi ke zana duk wannan ya aika sikirin. Wanda ya fi jinkiri a cikinsu shi ke riƙe ɗayan. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in rage kyan hoto har ƙasa. In wasa ya saki jiki, kati ne ya gaza, kuma sabon furosesa da wuya ya yi wani abin kirki. In ya ci gaba da ɗingishi kamar ba a taɓa komai ba, to sai in fara zargin furosesa. Na ce in fara, domin zafi, ƙarancin ram, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, da raunin wuta duk suna iya kawo ɗingishi iri ɗaya.

Na ga inda canjin ya yi amfani. Wani malamin sakandare daga Kauru yana son wasan yaƙi mai tarin sojoji, ƙaninsa ya aiko masa da babban kati daga waje, ya haɗa shi da furosesan da ya girmi 'yarsa ta fari. Da an shiga fagen daga sai komai ya sanƙare, kati yana hutu, furosesa ya cika maƙil. Muka canza, wasan ya miƙe, mutumin ya dawo da zuma a gora. Na kuma ga inda abin ya zama kuka. Wani ɗalibi ya sayo furosesa a Kaduna ba tare da ya duba ko zai zauna a kan bod ɗinsa ba, wato babban faifan da komai ke hawa. Da ya ƙi shiga sai ya danna da babban yatsa. Ƙananan allurai na mazaunin suka kwanta kamar shinkafar da iska ta buga. Na wuni da allurar ɗinki da gilashi ina tayar da su ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe bod ɗin bai tashi ba.

Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa ita ce mafi muni da na gani a wannan sana'a. Ban taɓa noma citta ba, amma a shekarar na gane daga cikinta nake ci. Manomi bai samu ba, makaranta ba ta samu ba, mai shagon buga takardu bai samu ba, ni ma na zauna ina kallon titi. Kwamfutocin da aka kawo gyara suka yi ta zama a kan kanta, masu su ba su dawo ba. Na koma gyaran tocila da caja, da yamma in koyar da yaran maƙwabta lissafi. Da lokacin shuka na gaba ya matso, irin citta mai lafiya ya zama abin nema ruwa a jallo. Dillalai suna bin ƙauyuka gida-gida.

A wannan lokacin ne wata dattijuwa daga Kwoi ta shigo shagona da zanen zumuntar mata a jikinta, wani dogon saurayi na biye da ita rungume da akwatin kwamfuta a cikin zanen gado. Ta ce sunanta Mama Tabitha, wannan autanta ne, Istifanus, ana ce masa Isti. Ya gama difloma bai sami aiki ba, ya buɗe ɗan shagon gem a ƙofar gidansu da kwamfutar da ɗan baffansa ya bar masa. 'Yan acaɓa da ɗalibai suna zuwa su buga wasan ƙwallo. Kwanan nan wasan ya fara ɗingishi, mutane suka koma wani shago a bakin mahaɗa.

"Bros, furosesan ya tsufa," in ji Isti. "Tun da na sa sabon gem ya kasa ja. Na yi magana da wani a Kaduna, ya ce sai an canza shi har da bod."

"Ni ban san kwamfuta ba," Mama Tabitha ta katse shi. "Citta na sani. Gonana yana kan tudu, ciwon nan bai hau ba. Irin da na ajiye shi ne kawai abin da za a iya sayarwa a gidan nan. In na sayar, bana ba shuka. Yaron nan ya dame ni in sayar ya sayo abin, ba ya ci, ba ya barci. Na ce na yarda, amma sai na ji daga bakin wanda ba shi ke sayar da abin ba. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, ɗana: in ya sa wannan abu, zai gyaru?"

Na ce ta ba ni lokaci in gwada. Akwatin kaɗai suka kawo, don haka na haɗa shi da sikirin ɗina da wayoyina, na kunna wasan. Ƙwallo ta yi ta yawo sumul. 'Yan wasa suna gudu, 'yan kallo suna ɗaga tuta, ko gezau. Na buɗe tagar nauyi: kati yana aiki sosai, furosesa bai kai rabin ƙarfinsa ba. Na ɗaga kyan hoto, na bar shi ya daɗe don ya yi zafi. Babu ɗingishi.

Isti ya riƙe kai. "Abeg, wannan abu yana jin kunyarka ne. A gida ba haka yake yi ba, Allah."

Mama Tabitha ta yi dariya har da tafa hannu. "Haka kake yi kana ƙarami. Zazzaɓi ya kama ka duk hanya, muna shiga asibiti ka ce kana son ƙosai."

Ni ban iya dariya ba. Abin da na gani yana cewa furosesa lafiyarsa lau, amma yaron ba ƙarya yake yi ba, mutane ba sa barin shago haka kawai. In na ce a'a suka koma ɗingishi ya ci gaba, shagon ya mutu, kuma Isti zai je ya sayi abin duk da haka, ba tare da ni ba. In na ce e, iri ya tafi a kan abin da ban gani da idona ba. Na ce musu, a ganina, ba furosesa ba ne, amma ba zan iya rantsuwa ba sai na ga inda kwamfutar take zama.

"Dillali zai zo ranar kasuwa da safe da mota," in ji Isti. "Na riga na ba shi magana."

"Kai ka ba shi, ba ni ba," in ji uwar. Ta juyo wurina. "Injiniya, ka riga shi zuwa."

Kafin ranar na jera zarge-zarge a kaina. Ko janareta ce ba ta da ƙarfi. Ko zafin kwano ne, tun da yawancin shagunan nan ba silin. Ko ƙurar citta ce, domin na taɓa buɗe kwamfuta daga can na yi ta atishawa. Na cika jaka da mita, bulowa, man furosesa, ram na gwaji, wayoyi kala-kala, har da ƙaramar sitabilaiza. Matata ta ɗaga jakar ta ajiye, ta ce, "Baban Blessing, Kwoi za ka ko ƙaura za mu yi?"

Motar da na shiga ta ƙi cika da wuri, direba ya yi ta zagaye yana neman mutum ɗaya. Da na isa rana ta ɗaga. Abin da na fara gani a ƙofar gidan buhuna ne jere a ƙarƙashin mangwaro. An riga an yaye ciyawar da aka rufe irin da ita a bayan gida, an ɗure shi. Mama Tabitha tana zaune a kan kujera 'yar tsugune kusa da su, hannunta ɗaya a kan buhu. Dillali bai iso ba tukuna.

Shagon ɗaki ɗaya ne, da benci biyu, da tebur manne da bango. 'Yan acaɓa biyu suna zaune suna jira su ga abin da zai faru. Na auna wutar janareta, daidai take. Ɗakin ba zafi. Isti ya kunna wasan, nan take na ga abin da yake faɗa. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa, hoto ya tsaya, kafin ya dawo ƙwallo tana raga.

"Ka gani ko?" in ji ɗaya daga cikin 'yan acaɓan. "Haka aka ci ni uku ban ga ko ɗaya ba."

"Ko gem na gudu ana cin ka uku," ɗayan ya ce.

Na buɗe tagar nauyi. Furosesa ya cika, yana haki. Isti ya yi tsalle ya nuna da yatsa. "Ga shi nan! Bros, da idonka ka gani. Mama, zo ki gani, ya cika!"

Gaskiya wannan ita ce alamar da ni kaina nake koya wa mutane. Amma da na duba layin kati sai na ga a kwance yake, ba ya yin komai, kamar ba wasa ake yi ba. Ko furosesa ya tsufa yaya, kati ba ya yin barci haka. A shagona kuwa katin nan ya yi ta zufa. Na ce su kama mini mu jawo tebur daga bango, na durƙusa na leƙa baya.

Wata tsohuwar waya ce mai shuɗin kai, irin mai ƙusoshi biyu da ake murɗawa da yatsa, ta fito daga sikirin ta shiga ramin sama, na jikin bod. Ramukan kati suna can ƙasa, babu komai a cikinsu. Galibin irin waɗannan furosesa suna da ɗan ƙaramin sashe mai zana hoto a jikinsu, wanda ya isa buga wasiƙa da kallon fim. In aka sa waya a ramin sama, a irin wannan kwamfutar, shi ake ɗora wa wasan, kati ya zama ɗan kallo. Ni da na gwada a Kafanchan, hannuna ya kai tawa wayar ramin ƙasa ba tare da na yi tunani ba.

"Isti, da wannan wayar aka ba ka kwamfutar?"

"A'a, da wani baƙi ne, siriri. Yana coci."

Labarin ya fito a hankali. Wani ɗan ikilisiya da ke aiki a Abuja ya yi wa coci baikon godiya da sabuwar na'urar haska waƙoƙi a bango. Aka buɗe kwali da safiyar Lahadi, babu waya a ciki, tsohuwar shuɗiyar cocin kuma ba ta shiga. Isti ne mai kula da haska waƙoƙi. Ya ruga gida kafin a fara sujada, ya zare baƙar wayarsa ya kai, ya dawo da shuɗiyar cocin. Ita kuwa rami ɗaya ne kawai take shiga a bayan kwamfutarsa. A makon ne kuma ya sa sabon wasan, sai laifi ya hau kan wasa da furosesa.

"Waya ai waya ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Hoto yana fita."

Mama Tabitha ta taso ta tsaya a bakin ƙofa. Na yi mata bayani yadda zan iya. Na ce kamar ta ɗauko mai tsaga citta, gwana, ta ba ta abinci, ta bar ta zaune a zaure, sannan ta sa mai tono shi ne zai tono, shi ne kuma zai tsaga. Ta dubi ɗanta ta faɗi wani abu da yarensu wanda ban ji ba, amma 'yan acaɓan suka kwashe da dariya.

Isti ya zura takalmi. "Bari in je in karɓo. Makulli yana wurin dattijon coci."

"Ba inda za ka," in ji ta. "A gaban ikilisiya fasto ya kira sunanka, ya ce matasa su yi koyi da kai. Ka tashi tsaye kana washe baki, aka tafa maka."

"Mama, aro na ba su!"

"An yi addu'a a kai. Abin da ya hau bagadi ba ya dawowa gidana."

Na buɗe jakata. Baƙaƙen wayoyi har biyu na zo da su, don kada ɗaya ta ƙi. Na kashe kwamfutar, na kwance shuɗiyar, na sa baƙa a ramin kati, na kunna. Alƙalin wasa ya hura usur, ƙwallo ta tashi sumul kamar yadda ta yi a shagona. Na nemi gefen benci na zauna.

Duk da haka ban yarda da wasa ɗaya ba. Na sa 'yan acaɓan su buga, su sake bugawa, ni ina kallon tagar nauyi, ina taɓa bayan akwatin in ji zafi. Na sa suka zaɓi fili mai ruwan sama da cunkoson 'yan kallo. Ana cikin haka muka ji mota ta tsaya a waje, da muryar namiji yana sallama yana tambayar ina kayan.

"Injiniya," in ji Mama Tabitha, "motar ya zo."

Na fara cewa, ga wannan wasan, a kan wannan kwamfutar, bisa abin da na gani yau, ba na jin akwai buƙata, ko da yake nan gaba in aka fito da wasa mai nauyi, mai yiwuwa...

"Nan gaba na Allah ne. Yau nake tambaya."

"Kada ki sayar, Mama."

Ta gyara ɗaurin zanenta ta fita. Muna jin su ta taga. Dillalin ya ce an ba shi magana, ta ce ya nemi wanda ya ba shi. Ya ce ya ƙona mai tun daga nesa, ta ce Allah zai mayar masa, ga kunu in zai sha. Ya ce zai ƙara a kan farashin jiya, ta ce ko buhu ba ta sayarwa, balle abin da ke ciki. Ƙarshe ya sha kunun ya tafi. Ta leƙo ta ce Isti ya ajiye abin wasan nan ya zo ya mayar da iri inda ya ɗauko, ya rufe da ciyawa yadda ya same shi. 'Yan acaɓan suka ce za su taya shi in zai bar su su buga kyauta har yamma.

Tun daga ranar, duk wanda zai kawo mini kwamfuta a kan maganar wasa, nakan ce ya zo da sikirin ɗinsa da wayoyinsa, ko ya ɗauki hoton bayanta kafin ya zare komai. Ku ma da kuke shirin sayen sabon furosesa, ku fara jawo tebur ku leƙa baya. Bayan nan ku rage kyan hoto ku gani, ku duba zafi, ku tabbata abin da za ku sayo zai zauna a bod ɗinku. Mai yiwuwa bayan duk wannan furosesan ne, domin yakan zama shi ɗin. Amma sai an gani.

Abin da ya rage mini a rai shi ne ƙasar kanta. Ni na ce kada a sayar, alhali ba wanda ya san ko ciwon bara yana nan yana jira a cikin gona. Da damina ta zauna sai na kira Isti, na ce ina so in ji ko kwamfutar tana lafiya. Hayaniya ta cika bayansa, wani yana ihu a ba shi fanareti. Yana cikin ce mini komai daidai, sai na ji an karɓe wayar.

"Injiniya, ba kwamfuta kake tambaya ba," in ji Mama Tabitha. "Irin ya tsiro, ɗana. Ya huda ciyawa ya fito, ganye kore shar, ko ɗaya bai yi rawaya ba. Je ka ci abincinka."